Manoman Auduga, Ku Yi Hattara da Sabon Iri

A shekarar 2018 gwamnatin Najeriya ta amince a fara noma auduga mai suna Bt, wadda aka cusa wa ƙwayar halittar wata bakteriya domin ta riƙa kashe tsutsar da ke cin ƙwallonta. Kamfanin Mahyco na Indiya ne ya kawo ta, da haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Alƙawarin da ake yi wa manoman Funtuwa da Malumfashi da Gusau mai daɗin ji ne: feshi ya ragu, buhuna su ƙaru. To, kafin ka ci bashi ka saya, tambayi waɗanda suka riga ka shiga.

Burkina Faso ta rungumi irin Bt na kamfanin Monsanto a 2008. An san audugarta da tsawon sili, shi ne darajarta a kasuwar duniya. Sabon irin ya gajarce silin, farashi ya faɗi, har kamfanonin audugar ƙasar suka nemi diyyar sefa biliyan 48. A 2016 suka watsar da shi, suka koma wa nasu na da.

Labarin Indiya ya fi tayar da hankali, domin can ma masu 'yan ƙananan gonaki ne irinmu. Sun fara a 2002, kuma gaskiya ne da farko feshi ya ragu. Amma wata tsutsa mai launin ruwan hoda ta saba da dafin da ke cikin audugar Bt, ta dawo tana cin audugar. A 2015 farin ƙuda, wanda dafin Bt ba ya taɓa shi, ya yi ɓarna a gonakin Punjab. Manomi ya sayi iri da tsada don ya huta da magani, ga shi kuma ya koma sayen maganin.

Abin da ya fi damuna shi ne irin kansa. Na aure ne; in ka ajiye angurya ka shuka baɗi, ba za ta ba ka abin da ta ba ka bana ba. Ke nan kowace damina sai ka je wurin dila da kuɗi a hannu, shi ke yanka farashi. Yana kuma son taki da ruwa a kan kari. Mai noman damina da eka biyu, in ruwa ya ɗauke a watan Satumba, wa zai biya masa bashin? Kamfani dai ya riga ya karɓi nasa.

Kada ku saki irin Samcot da kuka sani. Wanda ya matsu ya gwada, ya gwada a 'yan kunyoyi kaɗan, da kuɗinsa, ba na rance ba. Ku tambayi malamin gona sunan irin da aka ba ku. Ku tambayi masu injin gurza nawa za su sayi kilo, tun kafin shuka. Hukumar gwamnati ta NBMA da ta ba da izinin noma wannan iri, ta fito ta faɗa wa manoma wanda zai ɗauki asara ranar da tsutsar nan ta saba da dafin a gonakinmu.