Ko Ka Sani? Kumbon Columbia da Guntun Soson da Ya Hallaka 'Yan Sama Jannati Bakwai

Kumbon Columbia shi ne na farko da ya je sararin samaniya a cikin jerin kumbunan da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta ƙera domin su riƙa zuwa suna dawowa ana sake amfani da su, saɓanin waɗanda suka gabace shi, da kowannensu tafiya ɗaya tak yake yi. Ya fara tashi ranar 12 ga Afrilu 1981 daga Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida, ɗauke da John Young da Robert Crippen, kuma ya shafe kusan shekara 22 yana aiki kafin ya tarwatse a tafiyarsa ta 28, ranar 1 ga Fabrairu 2003, a sararin samaniyar jihar Texas, saura minti 16 ya sauka, inda duk mutum bakwai da ke cikinsa suka rasa rayukansu. Abin da bincike ya tabbatar daga baya shi ne, na'urar da aka ƙera domin ta jure zafin da ke narkar da ƙarfe, wani guntun soso ne da nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba ya yi ajalinta.

Ƙirar kumbon

A lokacin tashi, kumbon kashi uku ne da aka haɗa wuri guda. Kashi na farko shi ne jirgin kansa, mai fukafukai da jela, tsawonsa kimanin mita 37, wanda a cikinsa ne mutane da kaya suke, kuma a bayansa akwai manyan injuna uku. Kashi na biyu rokoki ne guda biyu masu amfani da busasshen makamashi, waɗanda ke ba da mafi yawan ƙarfin ɗagawa a cikin minti biyun farko, sannan su rabu su faɗa Tekun Atlantika da laima, a tsamo su a gyara domin wata tafiyar. Kashi na uku shi ne babban tankin mai, tsawonsa kimanin mita 47, wanda jirgin ke manne a jikinsa, kuma shi kaɗai ne ba a sake amfani da shi, domin bayan kimanin minti takwas da rabi ana sakinsa ya ƙone a iska.

Man da ke cikin tankin iskar haidirojin ce da ta oksijin, waɗanda aka sanyaya har suka koma ruwa, ta farko a digiri 253 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, ta biyu kuma a digiri 183 ƙasa da sifili. Sanyi irin wannan, a yanayin Florida mai laima, yana iya tara ƙanƙara a jikin tankin, wadda za ta ɓalle a lokacin tashi ta farfasa jirgin, saboda haka aka lulluɓe tankin da wani soso mai tauri da ake fesawa ya bushe a jikinsa, wanda ke tsare sanyin man kuma ya hana ƙanƙara taruwa. Wato tun asali an sa soson ne domin kariya.

Garkuwar zafi

Kumbon da ke kewaya duniya yana gudun kimanin kilomita 28,000 a awa, yana gama zagaye ɗaya cikin minti 90, kuma ba shi da man da zai isa ya tsayar da wannan gudu. Iskar duniya ce ke yi masa birki: yana kutsawa cikinta, iskar da ke gabansa na matsuwa da tsananin ƙarfi har ta yi zafi ta koma abin da masana ke kira filasma, wato iskar da zafi ya wargaza ƙwayoyinta har take haske kamar wuta. A hancin jirgin da bakin fukafukansa zafin yana kaiwa kimanin digiri 1,600, alhali ƙashin jikin jirgin na alminiyam ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ya riga ya ragu.

Domin haka aka yi wa jirgin sutura iri-iri. Ƙarƙashinsa an shimfiɗe shi da tayil fiye da 20,000 da aka yi da zaren silika, sinadarin da ke cikin yashi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na kowane tayil iska ce, abin da ya sa zafi ba ya ratsa shi da sauri. Bakin kowane fiffike kuwa, inda zafi ya fi tsanani, an rufe shi da falle 22 na wani haɗin kabon mai launin toka, kaurinsu bai wuce 'yan milimitoci ba, a bayansu kuma akwai fili kafin a kai ga ƙashin fiffiken. Injiniyoyi sun san tayil ba shi da ƙwari, amma sun ɗauka fallayen kabon suna da juriyar da soso ba zai yi musu illa ba, kuma wannan zato bai taɓa fuskantar gwajin da ya dace ba sai bayan hatsarin.

Daƙiƙa ta 82

Columbia ya tashi ranar 16 ga Janairu 2003 a wata tafiyar bincike ta kwana 16. Rick Husband ne kwamanda, William McCool matuƙi, Michael Anderson mai kula da kayan gwaje-gwaje, tare da likitocin sojan ruwa biyu, David Brown da Laurel Clark, da injiniya Kalpana Chawla wadda aka haifa a garin Karnal na Indiya, da kuma Ilan Ramon, ɗan Isra'ila na farko da ya je sararin samaniya. Sun kasu gida biyu suna aiki dare da rana a kan gwaje-gwaje kusan 80, waɗanda suka shafi yadda wuta ke ci a inda babu nauyi, da girman ƙwayoyin halitta, da kuma yadda ƙurar hamada, har da ta Sahara, ke tafiya a iska tana shafar yanayi.

Kimanin daƙiƙa 82 da tashi, a nisan kusan kilomita 20 daga ƙasa, wani guntun soso mai girman ƙaramar jakar tafiya ya ɓalle daga wurin da sandunan da ke riƙe hancin jirgin suka haɗu da tanki. A lokacin kumbon yana gudun kimanin kilomita 2,500 a awa, kuma da yake soso ba shi da nauyi, iska ta rage masa gudu nan take, sai fiffiken hagu ya cim masa da bambancin gudun da ya haura kilomita 800 a awa. Ƙarfin bugu yana ƙaruwa ne bisa gudu a ninke cikin kansa, ma'ana idan gudu ya ninka sau biyu ƙarfin yana ninkawa sau huɗu, saboda haka rashin nauyin da ya sa aka raina soson shi ne kuma ya sa ya daki fiffiken da ƙarfi haka.

Washegari ne masu nazarin hotunan tashi suka ga bugun, amma hotunan ba su nuna ɓarnar ba. Wasu injiniyoyi sun nemi a roƙi ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauko hoton fiffiken da na'urorinta masu hangen nesa, shugabannin tafiyar kuwa suka dakatar da buƙatar, suna dogaro da wani lissafin kwamfuta da aka gina a kan tarkace ƙanana ƙwarai fiye da wannan, da kuma hujjar cewa soso ya sha ɓallewa a tafiye-tafiyen baya ba tare da an rasa jirgi ba. An aika wa kwamandan saƙo cewa babu abin damuwa. A wannan tafiya jirgin ba ya ɗauke da dogon hannun inji da za a leƙa fiffiken da shi, kuma hanyar da yake bi ta bambanta da ta Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, don haka ba zai iya fakewa a can ba.

Ranar dawowa

Da misalin ƙarfe 8:44 na safe agogon gabashin Amurka, Columbia ya fara shiga iskar duniya a saman Tekun Pasifik. Iska mai tsananin zafi ta kutsa ta ramin da ke bakin fiffiken hagu, ta ƙona ƙashin alminiyam daga ciki, ta cinye wayoyin na'urorin awo, shi ya sa masu lura a cibiyar Houston suka ga awon zafi da na iskar tayoyin hagu suna ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Masu kallo a California da Nevada sun ga wasu abubuwa masu haske suna rabuwa da jirgin. Kwamfutocinsa sun yi ta ƙoƙarin daidaita shi yayin da fiffiken ke lanƙwashewa, har abin ya fi ƙarfinsu. Sadarwa ta yanke da ƙarfe 8:59 a tsakiyar maganar Husband, kuma cikin minti guda jirgin ya wargaje a nisan kimanin kilomita 60 daga ƙasa.

Tarkacen ya bazu a gabashin Texas da yammacin Louisiana, inda mutane fiye da 25,000 suka shafe watanni suna tattaki a dazuzzuka da gonaki, suka tsinto guntaye kimanin 84,000, kusan kashi 38 cikin 100 na nauyin jirgin, tare da gawarwakin mutum bakwai ɗin. Mutum biyu daga masu neman sun mutu a hatsarin helikwafta a watan Maris. Kusa da garin Hemphill aka tsinci wata na'urar naɗar bayanai da Columbia ke ɗauke da ita tun zamanin gwajinsa na farko, wadda ta nuna dalla-dalla inda zafin ya fara shiga.

Abin da binciken ya gano

Kwamitin bincike ƙarƙashin Admiral Harold Gehman ya sa aka yi gwaji a birnin San Antonio ranar 7 ga Yuli 2003, inda aka harba soso mai irin wannan nauyi da gudu a kan ainihin fallen kabon da aka ciro daga wani kumbon, sai ya huda rami mai faɗin kimanin santimita 40, abin da ya kawo ƙarshen gardama. Rahoton da ya fito a watan Agusta bai tsaya a kan soso ba, domin ya ɗora laifi daidai wa daida a kan tsarin hukumar: matsin cika jadawalin tashi, ƙarancin kuɗi, da yanayin da ya sa ake neman injiniya ya kawo hujjar cewa akwai haɗari, maimakon shugabanni su nemi hujjar cewa babu. Dokar ƙirar kumbon ta haramta kowane tarkace ya taɓa garkuwar zafi, amma da abin ya yi ta faruwa ana tsira, sai aka mayar da shi matsalar gyara bayan sauka. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Kwamitin ya kuma nuna cewa da an gano ramin da wuri, akwai yiwuwar a gaggauta shirya kumbon Atlantis domin ceto, ko da yake aikin da kansa yana da haɗari.

Wannan ɗabi'a ta sabawa da matsala ba sabuwa ba ce, domin masaniyar zamantakewa Diane Vaughan ta riga ta bayyana ta a nazarinta kan kumbon Challenger, wanda ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi ranar 28 ga Janairu 1986, bayan sanyi ya daskarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar dama, matsalar da aka daɗe ana gani ana haƙuri da ita. Mutum bakwai ne suka mutu a nan ma, ciki har da malamar makaranta Christa McAuliffe.

Yadda ake tunawa da su

Saboda gobarar kumbon Apollo 1, wadda ta kashe Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee ranar 27 ga Janairu 1967, da hatsarin Challenger da na Columbia duk sun faɗo cikin mako guda na kalanda, NASA ta keɓe rana a ƙarshen kowane Janairu domin tunawa da mamatanta, ana ajiye furanni a maƙabartar Arlington da kuma gaban bangon baƙin dutse na Cibiyar Kennedy da aka sassaƙa sunayensu a jiki. An sa wa duwatsu bakwai masu kewaya rana sunayen ma'aikatan Columbia, haka kuma wasu tsaunuka bakwai a duniyar Mars, kusa da inda motar bincike ta Spirit ta sauka a Janairun 2004. Indiya ta sauya wa wani tauraronta na hasashen yanayi suna zuwa Kalpana-1, birnin Amarillo kuma ya sa wa filin jirgin samansa sunan Rick Husband. Saɓanin tarkacen Challenger da aka binne a ramukan makamai masu linzami da aka daina amfani da su, na Columbia an adana shi a hawa na 16 na katafaren ginin haɗa kumbuna a Kennedy, ana ara wa masu bincike domin nazarin yadda ƙarfe da kabon ke lalacewa a irin wannan gudu da zafi.

Bayan hatsarin Columbia, sauran kumbunan sun koma aiki ranar 26 ga Yuli 2005 da tashin kumbon Discovery ƙarƙashin Eileen Collins, bayan an cire soson wurin da ya ɓalle an maye gurbinsa da na'urorin ɗumamawa, an ƙara kyamarori, an kuma wajabta duba garkuwar zafi a sama da sanda mai na'urorin awo. Duk da haka wani soson ya sake ɓallewa a wannan tafiya, abin da ya tabbatar da cewa aibin yana cikin tsarin ƙirar ne, wato rataye jirgi mai garkuwa a buɗe a gefen tanki, inda duk abin da ya faɗo zai iya samunsa. An yi wa kumbunan ritaya a Yulin 2011 bayan tafiya 135, kuma kumbunan ɗaukar mutane da Amurka ta ƙera daga baya, irin su Orion da Crew Dragon, sun koma ɗora mutane a ƙololuwar roka, garkuwar zafinsu a rufe a lokacin tashi, tare da injunan da za su fizge su daga rokar idan ta samu matsala.