Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙasa da Fitowar Rana

An shirya wannan 'yar takarda ne domin amfanin 'yan makaranta da malamansu, da ma'aikatan gona da na daji, da duk wanda ya mallaki kyamara ko wayar hannu mai ɗaukar hoto, yana kuma so ya ɗauki surar ƙasar nan, watau duwatsunta da fadamunta da itatuwanta, da tsuntsaye da namun dajin da ke cikinta. Masu wannan sana'a sun haɗu a kan cewa fitowar rana tana cikin lokatai mafi kyau ga irin wannan aiki, gama da sanyin safiya ake kama fara. Amma lokacin gajere ne ƙwarai, a ƙasar nan kuwa ya fi gajarta bisa ga yadda yake a Turai. Saboda haka rabin aikin tun jiya ake yinsa. Wanda ya san wuri, ya san lokaci, ya kuma san inda rana za ta ɓullo, shi ke komowa gida da hoto. Wanda ya fita da ka, sai ya komo da labari.

Abin da Ya Sa Hasken Safe Ya Bambanta

Hasken rana, ko da yake ido yana ganinsa fari, gamayyar launuka ne, su ne waɗanda ake gani a jikin bakan gizo. Iskar da ta lulluɓe duniya tana warwatsa shuɗin launi fiye da yadda take warwatsa ja. Wani masani na ƙasar Ingila, Lord Rayleigh, shi ya bayyana dalilin wannan a shekarar 1871. Sa'ad da rana take tsaka, haskenta yana saukowa kai tsaye, ya ratsa iska kaɗan. Amma sa'ad da take ɓullowa, ta gefe hasken ke ketowa, ya ratsa iskar da ta ninka waccan wajen sau 38. Kafin ya iso, yawancin shuɗin ya watse a hanya, ja da rawaya su ne suka rage. Wannan shi ya sa jan bango da busasshiyar ciyawa sukan yi kamar an shafa musu zinariya da safe.

Abu na biyu shi ne inuwa. Idan rana ta ɗago digiri 6 kacal, inuwar kowane abu takan kai kusan tsawonsa sau goma. Wannan doguwar inuwa ita ke fito da kunyoyin gona, da tsagar dutse, da zanen bango, har da sawun dabba a kan rairayi. Da tsakar rana duk waɗannan sukan baje, hoto ya fito kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma.

Na uku, da sassafe iska takan kwanta, ruwan tafki ya zama madubi, raɓa tana kan ganye, ƙurar motoci da ta shanu ba ta tashi ba tukuna, tsuntsaye da namun daji kuma suna fita kiwo.

Sanin Lokaci

Birnin Kano yana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. A irin wannan wuri rana takan taso kusan a miƙe, ba ta jan ƙafa. Ga yadda safiya take rabuwa. Alfijir yakan keto kamar awa ɗaya da minti 10 kafin fitowar rana, amma sa'an nan duhu bai bar mutum ya ɗauki kome ba. In ya rage minti 20 zuwa 25, sai gabas ta yi ja, gari ya yi haske ba tare da inuwa ba. Bayan rana ta ɓullo kuma, kyakkyawan hasken nan mai ruwan zinariya ba ya wuce kamar rabin awa. Kafin hantsi ya riga ya yi fari ya yi kaifi.

Littattafan Turawa sukan ba wannan lokaci awa guda, gama a ƙasarsu rana a karkace take hawa. A birnin Landan cikin watan Yuni, hasken da ke gabatar fitowar rana kaɗai yakan kai minti 45. Wanda ya bi lissafinsu a nan zai makara.

Lokacin fitowar rana yana sakewa bisa ga wata da kuma gari. A Kano takan fito wajen ƙarfe 6:00 a farkon Yuni, amma a ƙarshen Janairu sai wajen 6:50. Kowane digiri ɗaya da aka matsa yamma, takan yi jinkirin minti 4, don haka mutumin Maiduguri yana riga mutumin Sakkwato ganin rana da wajen rabin awa, ko da yake agogonsu ɗaya ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya idar da sallar asuba ya kama hanya, ya tabbata ya isa wurinsa ya kafa kayansa rabin awa kafin rana ta fito.

Sanin Inda Rana Za Ta Ɓullo

Mutane da yawa suna zaton kullum daga wuri ɗaya rana take fitowa. Ba haka ba ne. Sau biyu ne kawai a shekara take fitowa gabas sak, watau wajen 21 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. Cikin Yuni takan karkata arewa da gabas kamar digiri 24, cikin Disamba kuma ta karkata kudu daidai haka. Ga hanya mai sauƙi ta aunawa: idan mutum ya miƙe hannunsa ya dunƙule, faɗin dunƙulen ya yi kamar digiri 10. Ke nan rana tana yawon da ya ɗara dunƙule biyu a kowane gefe na gabas.

Saboda haka wajibi ne a je wurin tun ana gobe, a duba hanya da rana, a zaɓi inda za a tsaya. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Tsayuwa kuwa iri uku ce. Idan mai hoto ya ba rana baya, abin da ke gabansa zai haskaka da launinsa sosai, kamar wanda ya tsaya gabas da Dutsen Kufena a Zariya ya fuskance shi. Idan ya sa rana a gefensa, inuwa za ta fito da kauri da lungunan abu, wannan kuwa shi ya fi dacewa da ganuwa da gonaki da tuddan rairayi. Idan kuma ya fuskanci rana, abin da ke tsakaninsu zai fito baƙi ƙirin a kan jan sama. Irin wannan ya fi kyau da abu mai sanannen fasali, kamar kuka, ko giginya, ko rimi, ko masunci tsaye cikin kwalekwalensa.

Yanayin Shekara

Kowane yanayi da irin safiyarsa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ran da hazo ya yi kauri, rana takan fito fari fat kamar faifai, ba ja ba inuwa, nesa kuma ba ta ganuwa. Kada a ce ranar ta ɓaci. A nemi abu na kusa, a bar itatuwan baya su dushe sahu sahu cikin hazon. A lokacin nan kuka ta kaɗe ganyenta, rassanta sun fito fili, gawo kuwa shi ne yake kore, gama shi da damina yake zubar da nasa.

Da bazara zafi da hayaƙin ƙunar daji sukan dusashe sama. Da damina kuma, safiyar da ta biyo ruwan dare ita ce ta fi kowace tsabta, gama ruwa ya wanke iska, giza-gizai kuma suna ɗaukar jan rana tun kafin ta ɓullo. Kaka, wajen Oktoba, ta haɗa alheri biyu: ƙasa tana da sauran kore, dawa ta fid da kai, tafkuna cike, hazo bai sauko ba.

Riƙon Kyamara

1. Da sassafe haske kaɗan ne, don haka ƙyauren kyamara yakan daɗe a buɗe. In ya daɗe fiye da kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, rawar hannu za ta ɓata hoton. A ɗora kyamara bisa ƙafa uku. In babu, a ɗora ta bisa dutse ko katanga, a tokare ta da 'yar jakar yashi ko ta wake.

2. A sa ta jinkirta daƙiƙa 2 bayan an danna, domin girgizar yatsa ta lafa.

3. Mai kyamarar da ake saitawa da hannu ya sa ƙofar haske a f/8 ko f/11, domin na kusa da na nesa su fito tare, ya kuma bar ISO a 100 ko 200, domin hoto ya fito sumul.

4. Sama tana da haske, ƙasa tana da duhu, kyamara kuwa ba ta iya haɗa su kamar yadda ido ke yi. A auna haske a kan sama, gefen rana kaɗan. Mai waya ya taɓa wurin da yatsa, sa'an nan ya rage hasken har launi ya komo. Duhun ƙasa yana gyaruwa daga baya, amma saman da ya ƙone ya yi fari ba ya da magani.

5. A daidaita layin da sama ta haɗu da ƙasa, kada ya karkace. Kada kuma ya raba hoto biyu daidai. In sama ce ta yi kyau, a ba ta kashi biyu cikin uku. In ƙasa ce, a ba ƙasa.

6. A sa wani abu a gaba, ko dutse, ko turba, ko reshe, wanda zai ja ido zuwa ciki.

7. A goge gilashin da ƙyalle mai taushi, amma a hure ƙura tukuna, gama ƙurar hunturu tana karce shi. Kada a sake gilashi cikin iska.

8. Kada a ƙura wa rana ido ta cikin kyamara, balle ta gilashi mai jawo nesa. Yana iya lalata ido har abada.

Tsuntsaye da Namun Daji

Dajin Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe wa baƙi a 1962, ya fi daɗin aiki da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, giwa da ɓauna da gwanki suka matso kusa da Kogin Gaji. Ba a shiga sai da jagora, maganarsa kuwa ita ce doka. A fadamun Haɗeja da Nguru tsuntsaye masu yawa sukan zo daga Turai su yi hunturu, su haɗu da na gida irin su dinya da zalɓe da balbela. Tsuntsu mai tashi yana bukatar ƙyaure mai sauri, kamar kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, don haka sai a jira rana ta ɗan ɗago. A sa tufafi masu launin ƙasa, a zauna shiru, a bar iska tana busowa daga wajen dabba zuwa wajen mutum. Kada a kori tsuntsu don ya tashi, kada a taɓa sheƙa. Hoton da aka samu da cutar da dabba ba abin yabo ba ne.

Ladabi da Doka

Baƙon da aka gani yana yawo da duhun asuba abin tuhuma ne a ko'ina. Ya kamata ya gabatar da kansa ga mai unguwa ko dagaci tun da rana, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kuma tambayi lafiyar hanya. Kada ya shiga daji shi kaɗai. Ya sa takalmi rufaffe, ya riƙe tocila saboda maciji. Kada ya taka shukar mutane. Kada ya ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, musamman matan da suka fito ɗibar ruwa, kada kuma ya leƙa cikin gidaje daga kan tudu. Barikin soja da filin jirgin sama ba wuraren hoto ba ne, ƙaramin jirgin nan mai kyamara maras matuƙi kuwa ba a tashinsa sai da izinin hukuma.

Amfanin Wannan Aiki

A watan Fabrairu na 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya zana birnin Kano da hannu. Daga zanensa da bayaninsa ne aka san yadda garin yake a lokacin, da gonaki da filaye masu faɗi a cikin ganuwa. Wanda ya hau Dala yau zai tarar gidaje sun cinye filayen nan, an cike kududdufai da yawa, ganuwar ma ta zube a wurare da dama. Haka fadamu da dazuzzuka suke sakewa a sauran garuruwa, sau da yawa ba tare da kowa ya ajiye shaidar yadda suke a da ba.

Saboda haka kowane hoto a rubuta masa sunan wuri, da kwanan wata, da lokaci, da inda aka fuskanta. A ajiye shi wuri biyu, a kuma wanke mafi kyau a takarda, gama waya tana ɓata, tana kuma lalacewa. Malamin da ya zaɓi wuri ɗaya kusa da makarantarsa, ya riƙa kai yara suna ɗaukarsa da fitowar rana sau huɗu a shekara, da hunturu da bazara da damina da kaka, cikin shekara goma zai tara wa garinsu tarihin da babu shi a kowane littafi. Gani ya kori ji. Ana fata masu karatu za su gwada, su kuma koya wa na baya.