Damagaram: Mutanen bayan labule da ke riƙe da sirrin wasan kwaikwayo

A wata unguwa ta birnin Damagaram, wata ƙungiyar matasa ƴan wasan kwaikwayo ta shafe makonni tana shirya wasan da ya sha bamban da irin waɗanda aka saba gani a gidajen matasa da filayen makarantu. Wasan bincike ne: an tafka sata, ana zargin kowa, kuma ƴan kallo ba za su san ɓarawon ba sai a fitowa ta ƙarshe. Babu ƙungiyar da ta ɗauki nauyinsa, babu kuma wanda ake biya. Ɗalibai ne da ƴan kabu-kabu da tela da mai walda da wani malamin makarantar firamare, tare da wasu iyaye mata, suka haɗa hannu.

Labarin ya shafi wata ƙungiyar mata masu asusu. Suna tara kuɗinsu kowane mako a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, kowane makulli yana hannun mace daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ranar rabo aka buɗe, aka tarar da shi wayam, alhali ba a fasa kwaɗo ko ɗaya ba. Irin wannan akwati ba baƙo ba ne a idon ƴan kallo, domin tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya soma a Nijar a shekarar 1991, ya shiga garuruwa da ƙauyuka da dama. Saboda haka duk matar da ta zauna kallo ta san yadda ake riƙon makulli, ta kuma san nauyin a ce amana ta salwanta a hannun mutum.

Gadon da suka tarar

Damagaram tana da tsohon tarihi a wannan fage. Akwai wasan kara, inda talakawa kan kwaikwayi sarakuna da manyan ma'aikata a bainar jama'a, akwai kuma tashe na watan azumi. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, an farfaɗo da samariya, aka riƙa shirya bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan biranen jihohi, wasan kwaikwayo kuma yana cikin abubuwan da ake gasa a kansu. A wannan zamani ne Yazi Dogo da abokan wasansa suka yi tashe, rediyo da Tele Sahel suka kai wasanninsu gida-gida. Har wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta wallafa littafi a 1987 a kan teyatur na Hausa a Nijar.

Abin da aka gada daga waɗancan magabata shi ne wasa ba tare da rubutaccen zance ba. Ana zama a tsara ƙashin labari, a raba matsayi, kowa ya shiga dandamali ya zuba magana daga bakinsa. Gwani shi ne wanda zai iya jefa karin magana nan take, ya mayar wa abokin wasa martani, ya sa fili ya ɓarke da dariya.

Wannan gwaninta ita ce ta zame wa ƙungiyar matsala a makonnin farko. Wasan bincike yana tafiya ne a kan alamu. Idan an ce wata ta shiga ɗakin bayan la'asar, dole zancen ya tsaya a bayan la'asar har ƙarshe. Idan ɗan wasa ya ƙara gishiri ya ce bayan magariba, to ya wanke wadda ake son a zarga, ko ya shafa wa wadda ba ta ji ba ta gani ba. Shugaban ƙungiyar ya shaida wa wakilinmu cewa a gwajin farko wani gwanin barkwancinsu ya tona ɓarawon tun wasa bai kai rabi ba, don kawai ya ga wata dama ta ban dariya.

Mai riƙe da littafi

Daga nan aka ɗora wa malamin makarantar aikin da babu shi a tsarinsu na da. Ya sayi littafin rubutu irin na ƴan makaranta, ya raba kowane shafi gida biyu. A gefe guda ya jera maganganun da ba a taɓawa, wato alamun da dole a faɗe su yadda suke, a lokacin da aka tsara. Ɗaya gefen ya bar shi fari, nan ne ɗan wasa ke da ƴancin sakin bakinsa. Da haka aka tsira da dariyar, labarin kuma bai wargaje ba.

Malamin ba ya hawa dandamali. Yana zama a bayan labule da ƴar tocila, yana bin wasan layi-layi. Idan an tsallake wata alama, sai ya raɗa wa wanda zai shiga na gaba ya san yadda zai sako ta cikin zancensa. Ya ce abin da ya fi ba shi wuya shi ne tsofaffin hannu, waɗanda suke ganin riƙe takarda raini ne ga gwaninta. Sai da ya sa suka zauna a matsayin ƴan kallo, suka ga yadda kuskuren kalma ɗaya ya rusa ƙarshen wasan, sannan suka sakko.

Akwati, kwaɗo da tufafi

Akwatin asusun shi ne zuciyar wasan, kuma mai walda na unguwar ne ya ƙera shi da ragowar ƙarfen ƙofa, bayan ya tashi daga aiki. An so ya zama mai nauyin da za a ji ƙararsa idan an ajiye, amma ba wanda zai gagari yarinya ɗauka ba. Akwai wata dabara a jikinsa da warwarar labarin ta dogara a kanta, kuma shi da shugaban ƙungiyar da malamin kaɗai suka san ta.

Wata ɗalibar lise ce ke kula da ƙananan kaya: makullai uku, zoben azurfa na jabu, ƙyallen ɗaurin kuɗi, kwanon goro. Kafin kowane gwaji tana shimfiɗa su a kan tabarma, kowanne a gurbin da ta zana masa da alli, bayan an tashi ta sake ƙirga su. A wasan barkwanci, idan makulli ya ɓace sai a yi dariya a wuce. A nan kuwa, makullin da ya kwana a aljihun da ba nasa ba ya canza mai laifi.

Telan ƙungiyar ya ɗinka abin da ya zama dole, sauran tufafin kuma aro ne daga gidaje. Shi ne ya ba da shawarar a mai da mai binciken tsohon jandarma da ya yi ritaya, mai yawo da jamfa da hula. Dalilinsa a fili yake: kakin jami'an tsaro ba abin da ake arowa ba ne, ɗinka mai kama da shi kuma yana iya jawo tambayoyin da ƙungiyar ba ta shirya amsawa ba. Ya kuma kula da launin mayafan mata huɗun, ya bambanta su sosai, don wanda ke zaune a layin baya ya gane wadda ta gifta ko da bai ga fuskarta ba.

Wuta da sauti

A wasan akwai wurin da fitilu ke mutuwa na ɗan lokaci, kuma a cikin wannan duhu ne wani abu ke sauya wuri. Matsalar ita ce ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ce a garin. Idan ta ɗauke da gaske a tsakiyar wata fitowa, ƴan kallo za su ɗauka cikin wasan ne, su fara neman alama inda babu. Saurayin da ke kula da wutar, wanda sana'arsa gyaran waya da rediyo ce, ya yanke shawarar kada a dogara da layin gari ko kaɗan. Ya aro gurup daga wani mai shagon ɗinki, ya sa a ajiye shi nesa a bayan katanga saboda ƙara, ya ja waya mai tsawo. Ya kuma tanadi fitilun caji biyu a hannun yara biyu da ke zaune a gefen dandamali.

Makirfo biyu kacal gare su. An rataye ɗaya a tsakiyar dandamali, ɗayan yana kusa da inda akwatin yake. Don haka an tsara tsayuwar kowa ta yadda duk wata muhimmiyar magana za a faɗe ta a kusa da ɗaya daga cikinsu. Raɗa a irin wannan wasa dole ta kai kunnen na ƙarshen fili, in ba haka ba an zalunce shi, domin ya biya kuɗin shiga kamar kowa.

Iyaye mata da amincewar gida

Labari ne na mata, don haka ana buƙatar ƴan mata da yawa, kuma nan ne aikin ya fi tsauri. Har yanzu akwai gidajen da ke kallon wasan kwaikwayo a matsayin shashanci, musamman ga ƴa mace. Wata dattijuwa da ƴan ƙungiyar ke kira Inna ce ta bi gida-gida. Ta yi alƙawarin cewa gwaji zai kasance tsakanin la'asar da magariba, a tsakar gidanta, a gaban idonta, kuma ita za ta raka kowace yarinya gida a daren wasan. Ta kuma kafa sharaɗin cewa babu taɓa juna tsakanin namiji da mace a dandamali. Wani uba ya ƙi duk da haka, sai aka mayar da matsayin ƴarsa ga wata matar aure da mijinta ya amince.

Inna da ƙawayenta ne ke kawo ruwan sanyi da kunu a ranakun gwaji. Su ne kuma suka gyara labarin a wurare da dama, domin sun fi matasan sanin yadda ake zaman asusu: wa ke ƙirga kuɗi, wa ke shaida, wace tara ake ci idan mace ta makara. Sun ce idan aka yi kuskure a nan, matan da ke kallo za su daina yarda da sauran labarin.

Yadda ake ɓoye sirri a unguwa

A Landan akwai wasan Agatha Christie mai suna The Mousetrap, wanda aka fara nunawa a watan Nuwamban 1952, kuma in ban da tsaikon da annobar korona ta jawo a 2020, bai daina ba. A ƙarshen kowane nuni ana roƙon ƴan kallo kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan. A can baƙi ne ke haɗuwa su watse. A unguwar Damagaram kuwa, mai wasan ɓarawo maƙwabcin mai kallo ne, ƙanwarsa kuma tana jin duk abin da ake faɗa a zaure.

Dabarar da suka yi ita ce ba a gwada fitowar ƙarshe a tsakar gidan Inna, inda yara ke leƙe ta kan katanga. Ana yin ta a wani ɗakin aji, ƙofa a rufe, da waɗanda abin ya shafa kaɗai. Sauran ƴan wasan ma ba su san ƙarshen ba, kuma shugaban ya ce hakan ya taimaka, domin zargin da suke yi wa juna a dandamali ya fi kama da gaske. Da yake dare biyu za a yi, an shirya roƙon ƴan kallon daren farko su kama bakinsu, an kuma ɗora wa masu tsaron ƙofa aikin roƙon jama'a kada a ɗauki ƙarshen da waya a watsa a WhatsApp ko TikTok.

Ƴan kallonmu ba sa yin shiru. Suna ihu, suna nuna wanda suke zargi, suna gargaɗin mai bincike. Ƙungiyar ta mai da wannan ɗabi'a riba: kafin fitowar ƙarshe za a dakata, mai gabatarwa ya zagaya ya tambayi mutane hasashensu da hujjarsu.

Wa zai biya?

Yawancin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a yau suna samun ɗan abin hannu ne idan wata ƙungiya mai zaman kanta ta ba su aikin faɗakarwa a kan rigakafi, ko karatun ƴaƴa mata, ko zaman lafiya. Aiki ne mai amfani, amma saƙon a shirye yake zuwa, kuma ƴan kallo kan san ƙarshen tun daga farko. Wasan da aka yi don daɗin labari kawai ba shi da mai ɗaukar nauyi. Ga finafinan Kano da wayar hannu sun janye matasa da dama daga filin kallo. A Yamai akwai wurare irin su Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, kuma marigayi Alfred Dogbé, wanda ya rasu a 2012, ya bar ƙungiyar Arène Théâtre da bikin Émergences. Ƙungiyar unguwa kuwa da karo-karo take rayuwa.

Man gurup, hayar lasifika, yadin labule da kwaɗuna duk daga aljihun ƴan ƙungiyar suka fito. Ɗan kabu-kabun da ke zuwa gwaji yana asarar cinikin yamma, lokacin da ake tashi daga kasuwa. Kuɗin shiga kaɗan aka sa don kada a kori yara da mata, kuma abin da aka tara zai fara biyan bashin mai da na haya. Shugaban ya ce idan an samu rara, za su sayi makirfo na uku. Idan aka faɗi, zai yi wuya ya sake shawo kan mai walda da tela da mai wuta su ba da makonninsu kyauta, kuma ba tare da su ba ƙungiyar za ta koma jiran aikin faɗakarwa.

Saboda haka ya yanke cewa a ƙarshen kowane dare, bayan ƴan wasa sun gaida jama'a, za a kira na bayan labule ɗaya bayan ɗaya su hau dandamali, a faɗi aikin kowa. Inna ta ce ita ba za ta hau ba, amma ta yarda a ambace ta. Daga nan sauran aiki ya rage ga masu ɗaukar kaya: bencinan da aka aro daga makaranta dole su koma azuzuwa kafin ɗalibai su shigo ranar Litinin da safe.