Tuvalu, ƙasa a tsakiyar teku

In aka buɗe taswirar duniya, aka bar Afirka, aka yi gabas har aka wuce Asiya da Ostiraliya, sai a iske wani babban teku da ake kira Pasifik. Shi ne teku mafi girma a duniya. A cikinsa akwai dubban tsibirai. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ko ta ina. Wani yanki na waɗannan tsibirai sunansa Polinesiya, watau "tsibirai masu yawa". A nan ƙasar Tuvalu take, tsakanin Hawai da Ostiraliya, wajen kilometir 1.000 arewa da Fiji. A taswira ba a ganin komi nata sai suna da ƴan ɗigo-ɗigo.

Tsibiran Tuvalu tara ne. In aka haɗa su duka, faɗinsu kilometir murabba'i 26 ne kawai, alhali Nijar tana da 1.267.000. Mutanen ƙasar sun ɗan haura 10.000, kuma fiye da rabinsu suna zaune a Funafuti, babban birni. Ma'anar Tuvalu ita ce "takwas tsaye tare", don tsibirai takwas ne ke da mutane tun zamanin da. Na tara, Niulakita, sai a 1949 mutanen Niutao suka koma can da zama. A tutar ƙasar akwai taurari tara.

Ruwa ko'ina, ga ƙishirwa

Wasu ƙananan halittu na teku ne suka gina waɗannan tsibirai. Sunansu murjani. Suna yin gidaje masu tauri kamar dutse, a kan tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka nutse cikin teku. In wasu suka mutu, wasu su ɗora nasu gidaje a kai. Bayan dubban shekaru ginin ya iso saman ruwa, igiyar ruwa ta tara rairayi a kansa, itatuwa suka tsiro. Shi ya sa yawancin tsibiran suke kamar zobe: siririyar ƙasa a gefe, babban tabki na ruwan gishiri a tsakiya.

Fongafale, tsibirin da ofisoshin gwamnati suke, tsawonsa kilometir 12 ne, amma inda ya fi faɗi bai wuce metir 400 ba. A wasu wurare yaro yana iya jefa dutse daga wannan gaɓa ya faɗa waccan. Babu tudu, babu gulbi. Wuri mafi tsayi a duk ƙasar bai kai metir 5 bisa teku ba.

Ruwan sama yana da yawa ƙwarai. A Funafuti ana samun fiye da milimetir 3.000 a shekara, watau ya ninka na Maraɗi sau biyar ko shida. Amma ƙasar rairayi ce da tsakuwa, ba ta riƙe ruwa. Da ya sauka sai ya nutse. Ɗan abin da ya rage yana kwance ƙarƙashin rairayi, a bisa ruwan gishiri. Saboda haka kowane gida yana da tanki, ruwan da ya zubo daga rufin kwano shi ne abin sha. In sama ta ɗauke wata biyu ko uku, tankuna sai su bushe. Haka ta faru a 2011. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka ƙayyade wa kowane gida na Funafuti bokiti biyu a yini. Sai da Niyu Zilan da Ostiraliya suka aiko da injuna masu cire gishiri daga ruwan teku.

Abinci da zaman jama'a

Ba a noman gero ko dawa a irin wannan ƙasa. Abincin mutane kifi ne da kwakwa, da ayaba, da wani saiwa mai suna pulaka. Pulaka ɗan'uwan gwaza ne, amma ya fi shi girma nesa. Nomansa yana da wuya. Ana haƙa babban rami har a kai ga ruwa mai daɗi, a dasa shi a ciki, a riƙa zuba masa ruɓaɓɓen ganye don ya zama taki. Yana ɗaukar shekaru kafin ya ƙosa. Ramin pulaka gado ne, uba yana barin wa ɗiyansa. Kwakwa kuwa ba abin yarwa a jikinta: a sha ruwanta, a ci namanta, a matse mai, a yi igiya da ɓawonta, a saƙa kwando da ganyenta.

Bisa al'ada, kowane dangi yana da aikinsa a gari, wanda suke kira salanga. Wasu su ne masu sassaƙa kwalekwale, wasu magina, wasu masunta, wasu masu magani. Sanin aikin yana bin jini, daga iyaye zuwa ɗiya. A kowane tsibiri akwai babban zaure marar bango, sunansa falekaupule. Nan dattawa suke shawara, nan ake karɓar baƙi, nan ake biki. A ranar biki ana yin rawar fatele. Maza suna zama a ƙasa kewaye da akwatin katako suna bugunsa da tafin hannu, masu rawa suna jere a baya da furanni a ka. Ana fara waƙa sannu-sannu, ana maimaita ta, kowane zagaye ya fi na baya sauri, sai a tsaya gaba ɗaya.

Mutane suna jin harshen Tuvalu, a makaranta kuma ana koyon Ingilishi. Yawancinsu kiristoci ne. Babbar makarantar sakandare ta gwamnati, Motufoua, tana tsibirin Vaitupu. Ƴan makarantar sauran tsibirai a jirgin ruwa suke zuwa, su kwana can har hutu. A Funafuti fili ya yi ƙaranci, don haka filin jirgin sama shi ne dandali. Jirgi ba kullum yake sauka ba. Da marece yara suna buga ƙwallo a kan titinsa. In jirgi zai zo, a busa jiniya, kowa ya kauce.

Mulki

Tuvalu ta sha wuya a hannun baƙi. A 1863 jiragen masu satar mutane suka kwashe kusan mutum 400 daga Funafuti da Nukulaelae zuwa Peru, a Amurka ta Kudu. Ingila ta kama tsibiran a 1892, tana kiran su Ellice, ta haɗa su da tsibiran Gilbert. Mutanen biyu ba harshensu ɗaya ba, ba al'adarsu ɗaya ba. A 1974 mutanen Ellice suka zaɓi rabuwa. Ran 1 ga Oktoba 1978 Tuvalu ta samu ƴancin kai, Toaripi Lauti ya zama faraminista na farko. Ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a shekara ta 2000.

Sarkin Ingila shi ne sarkin Tuvalu, amma a suna kawai. Wani ɗan ƙasa ne ke wakiltarsa, ana ce masa gwamna janar. Majalisar dokoki tana da wakilai 16, kowane tsibiri daga cikin takwas yana aiko da biyu, na shekara huɗu. Su ne ke zaɓen faraminista a tsakaninsu. A 2024 sun zaɓi Feleti Teo. Abin mamaki, babu jam'iyyun siyasa. Inda kowa ya san kowa, mutum da danginsa ake dubawa. Babu soja kuma, sai ƴan sanda. Harkokin kowane tsibiri suna hannun taron falekaupule, kuma dokar 1997 ta tabbatar masa da wannan iko.

Kuɗin gwamnati yawanci daga teku yake fitowa. Jiragen su na ƙasashen waje suna biya kafin su kama kifi a ruwan Tuvalu. Akwai wata hanya kuma ta sa'a. A intanet kowace ƙasa tana da haruffa biyu nata. Na Tuvalu su ne "tv", waɗanda duniya ta sani da ma'anar talabijin. Kamfanoni suna son su, suna biyan hayarsu kowace shekara.

Teku yana hawa

Duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin masana'antu da motoci. Ƙanƙara tana narkewa, ruwan teku yana ƙaruwa. A Tuvalu ya hau wajen santimetir 15 cikin shekara 30. Ga ƙasa mai tuddai wannan ba komi ba ne. Ga Tuvalu babban al'amari ne. A watannin Fabarairu da Maris, lokacin da teku ya fi cika, ruwan gishiri yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, ya kwanta a hanyoyi da tsakar gida. In ya shiga ramin pulaka, saiwar sai ta ruɓe. A Maris 2015 guguwar Pam ta turo igiyar ruwa ta ratsa tsibirai da yawa, ta lalata gonaki da tankuna.

A 2021 ministan harkokin waje, Simon Kofe, ya tsaya cikin teku, ruwa har gwiwa, ya yi wa shugabannin duniya jawabi. A 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, aka rubuta cewa Tuvalu za ta ci gaba da zama ƙasa ko da teku ya cinye tsibiranta. A wannan shekara kuma aka ƙulla yarjejeniya da Ostiraliya: kowace shekara mutum 280 suna iya komawa can da zama. Da aka buɗe rajista a 2025, dubban mutane suka rubuta sunayensu, sai da aka yi ƙuri'a.

Wasu kuwa ba su da niyyar tashi. A Fongafale an ɗebo rairayi daga gindin tabki, an cike gaɓa, an samu sabuwar ƙasa wajen hekta 7 wadda ta fi sauran tsibirin tsayi. A wasu ƙauyuka an fara dasa pulaka cikin kwarurukan siminti, inda gishiri ba ya kai wa saiwar.