Ɗalibi a bakin teku: aikin awon kifi lokacin hutun damina

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano, inda ruwan teku yake, tafiya ce ta wajen kilomita 1.000. Amma kifin teku yana zuwa har kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wani cikin gwangwani yake zuwa, wani cikin ƙanƙara. Saboda haka labarin teku ya shafi tukunyar mutanen ƙauye.

A Dakar, babban birnin Sanagal, akwai gidan binciken teku da ake kira CRODT. Yana ƙarƙashin ma'aikatar binciken noma ta ƙasar, wadda aka kafa a 1974. Idan jami'a ta tafi hutu, daga watan Yuli zuwa Satumba, ɗalibai masu karatun kifi sukan je irin wannan gida su koyi aiki. Ba hutu suke yi ba.

Ɗalibin yakan tashi tun da asuba. Yakan nufi inda masunta ke sauke kifi, kamar Kayar, Mbur ko Jowal. Kayan aikinsa kaɗan ne: allon awo, sikeli, wuƙa, littafi da fensir. Fensir ya fi biro, domin ruwa ba ya wanke rubutunsa. Da kwale-kwale ya iso, sai ya gaida masu shi, ya nemi izini. Sannan ya yi tambaya: Ina aka yi su? Da wane irin taru? Awa nawa aka yi cikin ruwa? Masunci ya fi ɗalibi sanin ruwa, kuma ɗalibin da bai iya gaisuwa ba, da littafi fari yake komawa gida.

Daga nan sai awo. Yakan ɗebi kifi daga cikin kamun, ba tare da zaɓe ba. Ya auna tsawon kowane ɗaya. Ya auna nauyinsa. Ya tsaga cikinsa ya duba ko mace ce ko namiji, ko kuma ta fara ƙwai. Cikin kan kifi akwai wani ɗan dutse fari, ƙarami ƙwarai. Idan aka duba shi da madubi mai ƙara girman abu, ana ganin zobe-zobe kamar na kututturen icce. Da su ake gane shekarun kifin.

Mene ne amfanin wannan wahala? Ga shi. Idan bana kifin da ake kamawa ya fi na bara ƙanƙanta, baɗi kuma ya ƙara ƙanƙancewa, to ana kama shi tun bai haihu ba. Daidai yake da makiyayin da ke yanka ƴan maruƙa mata. Yau zai ci nama, amma garke zai ƙare. Awon rana ɗaya ba ya nuna haka. Sai an tara littattafan shekaru da yawa an gwada su.

Wasu ranaku ɗalibin yakan shiga jirgi. Yakan auna zafin ruwa da gishirinsa. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, shi ya sa ba a shan shi, ba a ban ruwa da shi. Yakan ja wani taru mai laushi kamar rariyar gari. Abin da ke maƙalewa ciki ƙananan tsirrai ne da ƙananan halittu da ido ba ya gani sosai. Su ne abincin kifi.

A nan yake koyon dalilin da ya sa tekun Sanagal ke da albarka. Lokacin sanyi, iskar arewa tana tura ruwan saman teku nesa da gaɓa. Sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa, ɗauke da taki. Tsirran nan su yi yawa, kifi ya samu abinci. A lokacin zafin ruwa yakan sauka ƙasa da digiri 20. Da damina kuwa yakan kai 27 ko 28.

Kifin da aka fi damuwa da shi shi ne wanda Wolof ke kira yaboy. Shi ne kifin talaka, mata ke ƙyafe shi su sayar har ƙasashen da ba su da teku. Masanan hukumar FAO sun sha faɗin cewa kamun da ake yi masa ya wuce kima. Ga kuma masana'antu a Muritaniya, Sanagal da Gambiya da ke niƙe shi ya zama gari, a kai shi waje don kiwon dabbobi da kifi. Sai an niƙa kilo 4 ko 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo 1 na gari.

Ƙarshen hutu, ɗalibin yakan rubuta rahoto ya miƙa wa malamansa. Idan ɗan Nijar ne, abin da ya koya ba ya tsayawa a teku. Allon da aka auna yaboy da shi, shi ne ake auna karfasa da tarwaɗa da shi a tabkin Madarunfa, a Tabalak, a Gidimuni da kogin Kwara. Tambayar ma ɗaya ce: idon tarun yana barin ƙananan kifi su wuce, ko yana kwashe su duka?