Ƙaiƙayi da Farin Baki: Abin da Abinci Zai Iya da Wanda Ba Zai Iya Ba

A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kamar sauran sassan Jihar Sakkwato, duk wani ƙaiƙayin gaba ko fitar farin ruwa ga mata ana yi masa kuɗin goro a kira shi "ciwon sanyi". Alhali kuwa cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta. Ɗaya daga cikinsu wata ƙwayar halitta ce ke haddasa ta, mai suna kandida, dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Wannan ƙwaya tana zaune a bakin mutum da hanjinsa da al'aurar mace ba tare da ta cutar ba, sai idan ta sami sararin yin yawa. A nan ne ake ganin ƙaiƙayi mai tsanani da farin abu mai kauri kamar kindirmo, ko kuma farin dabbare a harshen jariri wanda ba ya goguwa da sauƙi. An ƙiyasta cewa mata 3 cikin 4 kan gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa, saboda haka ba abin kunya ba ce, kuma ba shaidar rashin kamun kai ba ce.

Abubuwan da ke ba ta sarari sanannu ne: juna biyu, ciwon suga, raunin garkuwar jiki, zafi da gumi irin na watannin Maris zuwa Mayu, sai kuma shan kafso barkatai. Wannan na ƙarshe shi ya fi damun ma'aikatan lafiya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ampiclox da tetracycline ba sa taɓa kandida ko kaɗan, sai ma su kashe ƙwayoyi masu amfani da ke hana ta yaɗuwa. Matar da ta sayi kafso a hannun mai talla ranar kasuwa domin maganin ƙaiƙayi, da kuɗinta ta ƙara wa wutar itace.

Dangane da abinci, akwai wata fahimta da ke yawo a wayoyin hannu cewa kandida ce tushen gajiya da ciwon kai da kumburin ciki, kuma wai sai an daina cin hatsi da burodi da nono kafin a rabu da ita. Abin da ya yaɗa wannan magana shi ne wani littafi da likita William Crook ya wallafa a Amurka a 1983. A 1986 ƙungiyar likitocin borin jini ta ƙasar ta bayyana cewa maganar ba ta da hujja, kuma har yau ba a tabbatar da ita ba. Babu dalilin da zai sa mai juna biyu a Dogon Daji ko Kuchi ta ƙaurace wa tuwon dawa da furar gero, waɗanda su ne ƙarfin jikinta.

Inda abinci ke da tasiri na haƙiƙa shi ne wajen mai ciwon suga, domin yawan sukari a jini da fitsari abinci ne ga kandida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da babba ke sha ya kai kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9, kafin a zo ga na shayi da koko da wanda ake zubawa a fura. Duk wanda ciwon ke yawan dawo masa, mace ko namiji, ya nemi a auna masa sukari da safe kafin ya karya. Idan awo ya kai 126 ko fiye, ana maimaitawa domin tabbatarwa. Zogale da alayyafo da wake da kifi suna taimakawa wajen daidaita sukari. Kindirmo abinci ne mai kyau muddin an tafasa madarar, amma bai isa ya zama magani ba.

Tafarnuwa, wadda Allah Ya albarkaci jiharmu da ita, tana kashe kandida a ɗakin gwaji, sai dai binciken da aka yi kan mata a ƙasar Ostareliya, wanda aka wallafa a 2014, bai nuna cewa shan ta yana rage ƙwayar a jiki ba. A ci ta a miya. Yin matsi da ita, ko da kanwa, ko wanke cikin gaba da ruwan bagaruwa ko sabulu mai ƙarfi, yana ƙona fata ya buɗe ƙofa ga wasu cututtuka. Ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar, tare da kamfai na auduga da aka shanya a rana.

Maganin asibiti kuwa mai sauƙi ne. Akwai clotrimazole na matsi, da fluconazole na sha wanda ba a ba mai juna biyu, da kuma ruwan nystatin na bakin jarirai, wanda wasu mata biyu ma'aikatan sashen lafiya na Jihar New York suka gano a 1950. Idan jariri na da farin baki, a duba nonon uwa ma, domin sukan riƙa mayar wa juna.

Ana kira ga uwayen ƙasa da hakimai da limamai da ungozomomi su ƙarfafa wa magidanta gwiwar barin iyalansu zuwa awo. Ruwa mai wari ko launin ɗorawa, ko ciwon mara da zazzaɓi, alama ce ta wata cutar dabam da kan buƙaci a yi wa miji da mata magani tare. Babban mutum da ya ga farin dabbare a bakinsa, musamman idan haɗiya na yi masa zafi, ya je Babban Asibitin Tambuwal ko na Kebbe a gwada sukarinsa da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda ciwonsa ya ƙi jin magani, daga nan ake tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.