Hutun kwana uku a kan dutse: Darasin da Rano da Kibiya za su ɗauka daga arewacin duniya

A ƙarshen arewacin ƙasar Suwidin, kusa da iyakarta da Norway, akwai wani ƙauye mai suna Riksgränsen da ke cin abinci da duwatsu da dusar ƙanƙara. Tsakanin watan Afrilu da Mayu masu hannu da shuni kan je can hutun kwana uku ko huɗu. Jirgi mai saukar ungulu ke ɗaukar su ya sauke a ƙololuwar dutsen da babu hanyar mota, sai su ɗaura katakon zamiya a ƙafa su gangaro, jirgin kuma ya sake kwasar su zuwa wani dutsen. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa a yankin, don haka akan yi wasan har tsakar dare.

Wannan sana'a ta samo asali ne a Kanada a 1965, lokacin da wani jagoran masu hawa dutse ɗan asalin Ostiriya, Hans Gmoser, ya fara kai baƙi duwatsun Bugaboos da jirgi. Daga nan ta bazu zuwa Alaska da Aisland da Suwidin. Ba kowace ƙasa ce ta yarda da ita ba: Faransa ta haramta ta a dokar tsaunukanta ta 1985, saboda ƙarar jirage da takura wa muhalli.

Abin da baƙo ke biya wa kuɗi shi ne tsari. Mai aiki ba shi da wata guda na hutu, saboda haka akan haɗa masa masauki da abinci da sufuri da jagora a farashi ɗaya. Babban haɗarin shi ne zaftarewar ƙanƙara, shi ya sa akan raba mutane rukuni-rukuni kaɗan, kowane rukuni da ƙwararren jagora, kowane mutum kuma da na'urar da za a gano shi da ita idan ƙanƙara ta binne shi. Idan gari ya ɓaci, jirgi ba ya tashi, komai kuɗin da aka biya.

Babu dusar ƙanƙara a ƙasar Hausa, amma akwai ma'aikaci da ɗan kasuwa masu neman inda za su sarara daga Juma'a zuwa Lahadi. Kudancin Kano na da abin da zai karɓe su. Rano, wadda ba ta kai tafiyar awa biyu daga birnin Kano ba, tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake yi wa laƙabi da sarakunan baba saboda shaharar rini. Manyan duwatsu sun kewaye garin, wasu kuma sun warwatsu a ƙauyukan da ke tsakaninta da Kibiya. A gefe guda ga madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da otal ɗin Rock Castle da aka gina a gefenta, ga kuma duwatsun Rurum a bakin ruwan. Lokacin da ya fi dacewa da hawa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da zafi ya sauka, ciyawa ta bushe, dutse kuma ba ya santsi.

Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan wuri guda. Mafarauta da makiyayan yankin sun san kowace hanya da kowane kogo. Idan aka horar da matasansu kan agajin gaggawa aka yi musu rajista, an sami jagorori. Direban mota da mai abinci da mai masauki duk za su ci moriya, kuɗin da ake kaiwa Dubai ko Abuja kuma wani abu daga ciki ya tsaya a gida.

Sai dai tsaro ne kan gaba. Kanawa ba su manta da kifewar kwalekwale a madatsar Watari ta Bagwai a watan Nuwamban 2021 ba, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Duk wanda zai ɗauki baƙo a ruwan Tiga dole ya tanadi rigar kariya, ya kuma tsaya kan adadin da jirginsa zai iya ɗauka. Haɗari ɗaya ya isa ya kashe kasuwar shekaru.

Tun 2024 Rano da Kibiya da Bunkure ke ƙarƙashin masarauta guda, wanda hakan zai sauƙaƙa wa ƙananan hukumomin uku da hukumar yawon buɗe ido ta jihar zama a teburi ɗaya. Matakin farko bai buƙaci jirgi ba: a share hanyar hawa, a sa alamomi, a tsayar da farashi, a kuma fitar da jadawalin hunturu tun kafin damina ta ɗauke.